Yadda na je bukukuwan kaka a Berlin, daga neman biza zuwa daren fitilu

Masu tambayata yadda na yi na je bukukuwan kaka a Berlin, babban birnin Jamus, sun yi yawa, kuma tambayar tasu kusan ɗaya ce: ta ina ake farawa? Abin da nake gaya wa kowa shi ne a fara da kalanda, tun kafin a taɓo maganar biza ko kuɗin jirgi. Yawancin abin da ke kai mutum Berlin a watan Oktoba kyauta ne, amma kowanne da ranarsa da sa'arsa, wasu ma sai ka ba da sunanka tun kana gida. Wanda ya sauka aljihu cike amma bai san ranaku ba zai iya komawa bai ga rabin abin da ya kawo shi ba. A 2024 na yi wannan tafiya, don haka farashin da zan ambata na shekarar ne, kuma da yawansu sun tashi tun daga nan.

Ɗan yayata ne ke karatu a birnin, shi ya fara kwaɗaita mini Bikin Fitilu, wanda ake yi duk shekara tun 2005, a haska manyan gine-ginen birnin da hotuna masu motsi da daddare. Na ce masa to zan zo a Oktoba. Ya ce, "Kawu, Oktoba faɗi gare ta. Ranakun bikin canzawa suke yi kowace shekara, sai an jira masu shirya shi sun sanar." Na wannan shekarar ya faɗo daga 4 zuwa 13 ga wata. Da muka ɗora sauran abubuwa a kansa sai muka ga makon farko ya fi kowane albarka. Ranar 3 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma, kuma a ranar ce masallatan ƙasar ke buɗe ƙofa ga baƙi. Lahadin farko ta wata, wato 6, ana shiga gidajen tarihi kyauta a wancan lokacin. Ya kuma gargaɗe ni kada in sauka a ƙarshen Satumba, domin gudun fanfalaki na Berlin na ranar 29 zai sa a rufe tituna, otal-otal kuma su cika su yi tsada. Da waɗannan ranaku a hannu na kama ɗaki a otal irin wanda za a iya fasawa ba a ci kuɗin mutum ba, sannan na juya kan biza.

Bizar yawon buɗe ido ta Jamus ita ce bizar Shengen ta gajeren zama, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Doka ta ba mutum damar nema tun saura wata 6 tafiya, kuma ana so ya kai takardu aƙalla kwana 15 kafin ranar tashi. Kwana 15 ɗin nan ke ruɗar mutane, su ɗauka suna da sarari. Abin da ke cin lokaci shi ne samun ranar ganawa, domin daga tsakiyar shekara zuwa Satumba ɗalibai masu fara zangon karatu ma layi suke bi. Ni tun watan Yuni na fara leƙa shafin, na yi ta samun babu gurbi, har wata safiya na dace. Kafin ranar na haɗa fasfo wanda zai kai aƙalla wata 3 bayan dawowata bai mutu ba, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, da fom ɗin da na cika a intanet na buga na sa hannu, da hoton fasfo irin wanda suka ƙayyade. Sai takardar banki ta watannin baya, da wasiƙar wurin aiki mai nuna an ba ni hutu kuma zan dawo, da shaidar ɗakin otal, da shaidar kama kujerar jirgi zuwa da dawowa. Akwai kuma inshorar lafiya wadda dole ta kai Yuro 30,000 kuma ta shafi dukan ƙasashen Shengen. Na ƙara da takarda guda da ba ta cikin jerin dole: jadawalin abin da zan yi kowace rana, da sunan bikin da ranakunsa. A ganina ita ta fi komai bayyana dalilin tafiyar.

Ranar ganawar na isa da wuri, aka karɓi waya a ƙofa, aka ba ni lamba, na zauna. Zaman nan da nauyi, kowa ya rungume fayil ya yi shiru, in an kira lamba duk kai ya ɗago. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya tana daidaita ranakun otal da na jirgi da na inshora. Ta ce, "Yallaɓai, ɗan'uwanka na can, amma otal za ka sauka?" Na ce, "E, Malama, ɗakin ɗalibai yake, ba wurin baƙo." Ta rubuta, ta wuce. Aka ɗauki hoton yatsuna goma, waɗanda ake ajiyewa har wata 59, ta yadda mai sake nema cikin wannan lokaci ba lallai a sake ɗaukar nasa ba. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, an ɗaga shi daga 80 a watan Yunin shekarar, kuma cibiyar karɓar takardu tana da nata ladan daban. Ko an ba ka ko an hana ka, kuɗin ba ya dawowa. Shi ya sa ban biya kuɗin jirgi gaba ɗaya ba sai da fasfo ya dawo. Ana cewa amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma babu wanda za ka kira ya gaggauta maka. Da ya dawo, abin da na fara dubawa shi ne ranar farawa da ranar ƙarewa da adadin kwanakin da aka yarje mini, domin abu biyu ne daban: biza na iya kai wata guda tana aiki amma kwanakin zamanka a cikinta ba su kai haka ba.

A daren da fasfo ya dawo na yi rajistar hawa ƙubbar ginin majalisar dokoki, Reichstag. Zan dawo kan wannan, amma a nan ne wurinsa a jerin ayyuka.

Jiragen nesa da ke sauka kai tsaye a filin jirgin Berlin ba su da yawa, don haka galibi sai an yada zango. Wanda ya bi ta Frankfurt ko Faris ko Brussels, a can zai gamu da jami'in shige da fice, ba a Berlin ba, saboda haka ya bar tazara mai kyau tsakanin jiragen biyu. Ni ta Istanbul na bi, sai a Berlin aka duba ni. Jami'in ya tambayi abin da ya kawo ni da ranar komawata, ya ce in nuna otal. Duk kwafin takardun da na kai wurin biza suna cikin jakar hannuna, na miƙa, ya buga hatimi. Biza ba ta hana a tambaye ka a bakin iyaka, kuma takardar da ke cikin akwatin da ka auna ba ta da amfani a lokacin. Masu tafiya yanzu su sani cewa daga Oktoban 2025 an fara shigo da sabon tsari na ɗaukar hoton fuska da yatsu a iyaka, layin na iya fin wanda na tarar tsawo.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, kuma a nan baƙo ke fara ruɗewa. An kasa birnin da kewayensa shiyya uku, A da B da C. Filin jirgin yana C, tsakiyar gari A, don haka tikitin ABC ake saya, wanda ya ci ni Yuro 4.40. A cikin gari kuwa AB ya isa, Yuro 3.50, yana aiki na minti 120 a hanya ɗaya, ko a bas ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa ko na sama, amma ba a dawowa da shi. Babu shinge a tasha, babu mai karɓar tikiti a ƙofa, sai ka ga kamar kowa kyauta yake shiga. Ɗan yayata ya kama hannuna ya kai ni gaban wani ɗan akwati a bakin layin jirgi ya ce, "Kawu, sa shi nan ya buga masa lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu." Daga baya na ga gaskiyarsa da idona, lokacin da masu dubawa cikin kayan gida suka shigo taragonmu bayan ƙofa ta rufe, suka ci wasu baƙi biyu tarar Yuro 60 kowannensu, ga tikiti sabo fil a hannunsu. A ranakun da muka san za mu yi ta zirga-zirga tikitin sa'a 24 muke saya, Yuro 9.90. Akwai tikitin wata na ƙasa baki ɗaya da ake yawan yabawa, Yuro 49 a lokacin, amma rajista ce mai sabunta kanta duk wata, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin na gaba. Ga mai 'yan kwanaki ban ga ribar wannan ɗawainiya ba.

A otal aka ce sai ƙarfe 3 na rana ake ba da ɗaki, suka ajiye mini kaya, kuma aka ɗora harajin kwana na birni, kashi 5 cikin ɗari a lokacin, wanda ya koma 7.5 daga 2025. Ranar Laraba 2 ga wata ke nan, kuma duk da gajiya sai da yaron ya ja ni kanti muka sayi ruwa da burodi da 'ya'yan itace, domin gobe hutu ne. Washegari kuwa kantuna duk a rufe, kamar yadda suke kowace Lahadi, in ban da na cikin manyan tashoshi irin Hauptbahnhof, inda layin biyan kuɗi ya kai bakin ƙofa. Akwai abin da ya kamata mai zuwa don ranar haɗewa ya sani. Babban bikin gwamnati ba a Berlin ake yin sa kullum ba, zagayawa yake yi tsakanin jihohi, na 2024 a Schwerin aka yi. Wanda ya zo yana zaton zai tarar da shugabanni da fareti a babban birni zai sha mamaki. Mu masallacin Şehitlik muka nufa a titin Columbiadamm, kusa da tsohon filin jirgin Tempelhof, mai hasumiya biyu irin ginin Turkiyya, a gefen maƙabartar Turkawa da ke nan tun 1866. Tun 1997 aka fara wannan al'ada ta buɗe masallatai ranar 3 ga Oktoba. Na ga Jamusawa tsofaffi da matasa sun tuɓe takalma sun zauna kan darduma suna jefa tambayoyi, wasu masu zafi, matasan masallacin na amsawa da Jamusanci, yaron na fassara mini abin da ya samu. Ban zo Berlin don wannan ba, amma yana cikin abin da ya fi tsaya mini a rai.

Juma'a aka buɗe Bikin Fitilu. Ana kunna hasken daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 11 na dare, rana kuma a farkon Oktoba tana faɗuwa bayan shida da rabi kaɗan, don haka mai sallah ya san inda zai yi magariba kafin ya shiga cunkoso. Babu tikiti, babu ƙofar shiga, titi ne kawai. Mun fito ta tashar Brandenburger Tor a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U5 muka tarar da filin gaban Ƙofar Brandenburg ya cika maƙil, kafaɗa da kafaɗa, wayoyi a sama. Ƙofar da aka gama ginawa a 1791, wadda katangar Berlin ta killace shekara da shekaru, ita ce ta zama allo: ginshiƙanta su narke su zama ruwa, su koma furanni, su rushe su sake tashi. Da muka ɗan tsaya sai na gane cewa hotunan maimaita kansu suke yi bayan 'yan mintoci, saboda haka ba dalilin turereniya. In zagaye ɗaya ya ƙare na gaba sukan watse, kai kuma ka matsa. Daga nan da ƙafa muka bi titin Unter den Linden zuwa gabas, tafiyar da ta ɗan wuce kilomita biyu, har Alexanderplatz inda hasumiyar talabijin mai tsawon mita 368 ta sha launi daga ƙasa zuwa sama. Ba na ba da shawarar hawa mota a wannan dare, ƙafa ta fi taya sauri.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Bebelplatz, fili ne da gine-gine suka kewaye, gidan wasan opera da tsohon ɗakin karatu da coci, ana haska su lokaci guda, duk inda ka juya akwai abin kallo. A tsakiyar filin akwai gilashi a ƙasa, in ka leƙa ka ga ɗaki fari da kantocin littattafai babu ko littafi ɗaya. Nan ne 'yan Nazi suka ƙone littattafai kusan 20,000 ranar 10 ga Mayun 1933. Mutane da yawa suna taka gilashin idonsu na sama, ba su ma san da shi ba. Mun sake komawa filin da daren Talata, kuma bambancin ya isa a faɗa: mutane ba su kai rabin na Juma'a ba, har wurin zama muka samu. Wanda ke da zaɓi ya bar daren buɗewa da na Asabar wa masu ƙarfin kafaɗa. Amfaninsu ɗaya shi ne jiragen ƙarƙashin ƙasa na aiki har safiya a waɗannan darare biyu.

Hawa ƙubbar Reichstag kyauta ne, amma sai da rajista a shafin majalisar, da cikakken suna da ranar haihuwar kowane mai zuwa. Za a turo maka saƙon imel ka tabbatar, sannan takardar gayyata ta biyo, ita ce za ka nuna tare da fasfo na ainihi. Lokutan faɗuwar rana su ke fara ƙarewa, kuma akwai makonnin da ake rufe ƙubbar don shara da gyara. Mun iso kafin lokacinmu, aka duba sunayenmu a jerin, aka bi da mu ta na'urar bincike irin ta filin jirgi, aka haɗa mu rukuni zuwa lif. A gabanmu aka mayar da wani iyali da suka zo ba rajista, aka nuna musu wani ɗan ofishi a tsallaken titi inda ake ba da guraben da suka rage, in akwai, kuma ko an samu sai bayan aƙalla sa'a biyu. Ƙubbar gilashi ce, aikin Norman Foster, an gama ta a 1999, kana zagayawa sama kana hango zauren majalisa a ƙarƙashin ƙafarka. Ana ba da na'urar bayani ta kunne kyauta. Samanta a buɗe yake, iskar Oktoba na shigowa yadda ta ga dama, kada a bar rigar sanyi a otal.

Ranar Lahadi muka shiga Neues Museum a tsibirin gidajen tarihi ba mu biya komai ba, amma da tikitin lokaci da yaron ya kama mana tun kafin in iso. Wannan rangwame na Lahadin farko an soke shi a ƙarshen 2024, don haka duk wanda ya karanta labarinsa a tsohon rubutu kada ya dogara da shi. Haka gidan tarihin Pergamon, wanda ya fi kowanne suna, a rufe muka tarar da shi, tun Oktoban 2023 ake gyara. Mun ga mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti ta Masar, ita kaɗai a ɗakinta, an hana ɗaukar hoto. Yawancin gidajen tarihin ba sa buɗewa ranar Litinin, Humboldt Forum kuwa Talata ce ranar hutunsa, sai muka ba shi Litinin. A can ne kayan tagulla na masarautar Benin suke, waɗanda Berlin ta miƙa mallakar guda 512 daga cikinsu ga Najeriya a 2022, aka bar wani kaso a matsayin aro. Daga nan na sa yaron ya kai ni lamba 92 a titin Wilhelmstraße, inda Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara ƙasashen Turai daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara yadda za su kasafta Afirka. Ginin babu shi yanzu, gidajen haya ne a wurin, sai wani allon bayani a bakin titi da za ka iya wucewa ba ka lura ba. A ganina birnin da ya iya haska ƙofa guda da wannan ƙawa zai iya yi wa wannan wuri abin da ya fi haka.

Laraba da ƙarfe 1 na rana akwai kiɗan da ake yi kyauta a farfajiyar zauren Philharmonie. Adadin masu shiga a ƙayyade yake, mun je da wuri, duk da haka a matakala muka zauna.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ke ɓata wa mutum yini. Da rana zafin bai cika wuce digiri 14 ko 15 ba, da dare ya sauko ƙasa da 10, ga yayyafi ba sallama. Tsayuwar sa'a uku a fili da dare ba ɗaya take da wucewa ba, don haka riga kan riga, da hula, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa sun fi babbar riga guda amfani. A riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan wuraren cin abinci da yawa ba sa karɓar kati, banɗakin tasha ma sai an jefa kuɗi. Kusan kowace gorar roba da gwangwani akwai santi 25 a kanta da ake mayar maka in ka sa ta a na'urar kanti. Gefen hanyar ƙafa mai launi daban na masu keke ne, kuma ba sa rage gudu don baƙo. Mai neman abincin halal ba zai wahala a unguwannin Neukölln da Kreuzberg ba, titin Sonnenallee cike yake da gidajen abincin Larabawa, kasuwar Turkawa ta Maybachufer kuma tana ci Talata da Juma'a. A rumfunan biki kuwa a tambaya kafin a saya, domin galibin tsiren da ake sayarwa naman alade ne.

Wanda makon farko na Oktoba bai yi masa ba, Satumba na da bikin kiɗa na Musikfest da makon zane-zane da bikin adabi na duniya, ga yini da tsawo. Farkon Nuwamba kuma akwai bikin kiɗan jaz da ake yi tun 1964, sai 9 ga wata ranar tunawa da faɗuwar katanga a 1989. Sai dai a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da sa'a guda, kuma zuwa 9 ga Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi. Mai jirgin komawa a wannan Lahadi ya tabbata agogon hannunsa ya bi na waya, ya kuma tuna cewa tikitin AB da ya saba da shi a cikin gari ba zai kai shi filin jirgi ba, sai ABC.